Noti Huɗu a Bayan Zuwaira

Abin da ya cuci Hajiya Zuwaira shi ne aikin ya yi kyau da yawa. Da a ce likitan nan na Kano ya tsaga mata baya tun daga wuya har ƙugu, ya ɗinke da zare mai kauri irin na bakin buhu, wataƙila da har yau tana taka ƙafarta ta hagu. Amma likitan na zamani ne. Wuri biyu kawai ya huda a gefen ƙashin bayanta, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ta nan ya zura ƙarafunansa, ya cire guringuntsin da ya lalace tsakanin ƙasusuwa biyu, ya cusa wani ɗan abu a gurbinsa, ya ɗaure da noti huɗu, ya liƙe da filasta. Kafin mako ya zagayo tana takawa a barandar asibiti.

Ranar sallama likitan ya kira ta tare da maigidanta, Alhaji Ɗanjuma mai motoci a tashar Birnin Kudu, ya yi musu bayani a tsanake. Ya ce kada ƙanƙantar raunin ta ruɗe su, babban aiki ne a ciki. Notin riƙon ƙwarya suke yi kafin ƙasusuwan su haɗe da kansu, haɗewar kuma sai an yi watanni. Aƙalla wata uku babu sunkuyo, babu durƙuso, babu zaman ƙasa, babu ɗaukar abin da ya fi buta nauyi, babu doguwar tafiya a hanya mai gargada. Salla a kan kujera. Ga bel, ta riƙa ɗaurawa. In ta ji ƙafa ta mutu, ko ta fara janta, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, to ranar a dawo da ita, kada a jira gari ya waye.

Alhaji ya yi ta gyaɗa kai. Ya ce wa likita ya kwantar da hankalinsa, ai shi mai mota ne, ba za a koya masa noti ba. Sannan ya roƙi a ɗaga masa hoton ƙashin a jikin taga, ya ɗauka da wayarsa. Cikin duk bayanin nan, abin da ya shiga kunnensa ya zauna shi ne noti huɗu.

'Yarsu Hapsatu, wadda ke aure a Kano, ita ta yi jinyar asibiti. Ta rako su har bakin mota tana nanata dokokin ɗaya bayan ɗaya, har sai da uban ya tambaye ta ko ita ma an ba ta takardar likitanci ne bai sani ba.

A gida Inna Balaraba, mahaifiyar Alhaji, tana jiran su a tsakar gida. Bayan an yi barka da dawowa ta ja Zuwaira ɗaki, ta ce a nuna mata. Zuwaira ta ɗage riga. Inna ta duba, ta matso da ita kusa da ƙofa inda haske yake, ta sake dubawa.

"Ina aikin?" in ji ta.

Zuwaira ta nuna filasta biyu. Inna ta ce to Allah Ya kyauta, ita dai ta san wanzami ma in ya zo yin ƙaho yakan bar abin da ya fi wannan. Wai a kan wannan aka sayar da bas guda. Ba ta faɗa da mugunta ba. Inna mace ce da ke auna ciwo da ido, kamar yadda ake auna gero da kwano, kuma wannan ciwon bai cika ko gwangwani ba.

Shi kuwa Alhaji a tasha ƙanƙantar raunin ce abin alfaharinsa. Babu direba, babu ɗan kamasho, babu mai shayin da bai ga ƙashin bayan Zuwaira a waya ba. Matar da ko fuskarta ba su sani ba, sun san yadda notinta suke jere. Yana buɗe hoton da yatsu biyu yana cewa aikin Turai ne a Kano, ba yanka, ba jini, a shiga yau a fito gobe. Wasu dai har yanzu wajen mai ɗori suke kai matansu, in ji shi, yana kallon inda abokan hamayyarsa ke zama.

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa. Makon farko Zuwaira ta karɓe su a kan kujerar roba, da bel ɗinta, tana ba su labarin asibiti suna dariya, don ita mace ce mai ban dariya ko da ciwo. Takan ce yanzu ita ma ta shiga sahun motocin Alhaji, saura a rubuta mata kirari a baya. Abin ya tafi daidai har ranar da Goggo Mas'uda, yayar mahaifin Alhaji, ta zo daga can wani ƙauye bayan Farin Dutse. Tsohuwar ta zauna a tabarma, Zuwaira tana kan kujera, aka gaisa, aka sha fura, ta tafi.

Da yamma kujerar ta ɓata. Inna ta ce tun da aka kafa gidan nan ba a taɓa ganin suruka a sama manya a ƙasa ba, kuma ba a kanta za a fara ba. Zuwaira ta tuna mata maganar likita. Inna ta ce likita bai san Goggo Mas'uda ba. Da maganar ta je gaban Alhaji, ya ce shi ba ya shiga tsakanin mahaifiyarsa da kujera, amma dai durƙuso ɗaya na gaisuwa ai ba noma ba ne.

Durƙuso ɗaya ne, gaskiyarsa. Sai dai manyan dangin Alhaji ba ɗaya ba ne, kuma ba su gajiya da zumunci.

Bel ɗin shi ma bai daɗe ba. Wata baƙuwa ta hango shi ta ƙarƙashin mayafi, ta fita ta ce ashe har yanzu a ɗaure take. Maganar ta riga Alhaji isa tasha. Ya dawo ya ce daga yau in da baƙi a cire shi, don mota in ta fito daga gareji ba a barin jak a ƙarƙashinta. Baƙi kuwa daga hantsi ne har magariba, saboda haka bel ɗin ya koma rataye a ƙusa kusa da kalanda. Sallar zaune ma Inna ba ta hana ba. Ta dai riƙa faɗa a tsakar gida, ba da kowa take ba, cewa ita da shekarunta har yau goshinta na taɓa ƙasa, alhamdu lillahi.

Da 'yan dubiya suka tsagaita, Inna ta tayar da maganar da ta fi komai muhimmanci a wurinta. A danginsu, wanda ya tashi daga ciwo yakan bi duk gidan da aka zo duba shi, ya yi godiya da ƙafarsa. Ba a aikawa, ba a wakiltawa. Inna ba ta iya karatun boko ba, amma babu wanda ya taka gidan nan da sunan dubiya da ya fita daga kanta, har da abin da ya riƙo da wanda ya zo hannu sake.

Zuwaira ta ce ko a kira su a waya a yi godiyar, in ya so bayan wata ukun sai ta zagaya.

"Su da suka zo, ta waya suka zo?" in ji Inna.

Aka fara da cikin gari. Kowane gida akwai tsohuwa, kowace tsohuwa akwai tabarma, kowace tabarma akwai durƙuso. Ba a zuwa godiya hannu sake, don haka Zuwaira ta duƙa gaban murhu ta soya cincin da dubulan, tunda kowa ya san hannunta, in wata ta soya za a gane. Aka je ƙauyen Kangire aka dawo. A hanyar dawowar ne ta fara jin kamar tururuwa na bin ƙafarta ta hagu daga cinya zuwa babban yatsa.

Ta faɗa wa Alhaji. Ya ce alama ce mai kyau, noti ne ke zama, sabon aiki dama yakan yi ɗan ƙara kafin ya daidaita. Ta faɗa wa Inna. Inna ta ce sanyi ne, ta sa aka dafa ruwa, ta gasa mata bayan da tsumma, tana dannawa da ƙarfinta na Allah da Annabi. Bayan 'yan kwanaki Zuwaira ta taso daga banɗaki ta iso ƙofar ɗaki, sai ta ga takalmi ɗaya ne a ƙafarta. Ɗayan yana can tsakar gida, bai yi mata sallama ba, ita kuma ba ta ji fitarsa ba.

Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta samu Alhaji yana karin kumallo ta ce a mayar da ita wurin likita, ai ya ce in ƙafa ta mutu a dawo ranar. Alhaji ya ajiye kofi ya ce ta yi tunani. In aka gan su sun kama hanyar Kano yanzu, me za a ce a tasha? Za a ce aikin bai yi ba. Saura mutanen Gwaram kawai, da Fagam, da Goggo a bayan Farin Dutse. A gama da su, a rufe bakin kowa, sai a je Kano a natse kamar ziyara. Da Hapsatu ta kira da rana, yana zaune a wurin, Zuwaira ta ce jiki da sauƙi.

Ranar tafiya Gwaram an ɗan yi jayayya kan mota, amma ba da Zuwaira ba. Alhaji yana da bas mai lafiya, mai kujeru masu taushi, wadda ta fito daga garambawul a makon. Direbansa ya kawo shawarar a ɗauke ta saboda Hajiya. Alhaji ya kalle shi kamar ya zagi iyayensa. Ya ce Ɗanladi bakanike ya kafa doka: sabon inji ba lodi, ba gudu, ba gargada, sai ya zauna. Yana so a kashe masa mota a hanyar Farin Dutse? Don haka aka fito da tsohuwar, wadda sifirin ƙafafunta suka daɗe da yin ritaya. Inna a gaba, domin girma. Zuwaira a baya, daidai kan taya, da kular cincin a cinya don kada ya farfashe.

Har Gwaram abin da sauƙi, akwai kwalta. An shiga gidaje, an durƙusa, an tashi. Zuwaira ta gano dabarar dafa bango da jan ƙafar a hankali yadda zani zai rufe. Wata tsohuwa ta yaba da yadda take tafiya a natse, ta ce ciwo ya ƙara mata kamala. Da rana ta karkata aka ce Fagam sai wani jiƙon, a wuce wajen Goggo. Daga inda aka saki kwalta, damina ta gama cin hanyar ta bar ƙashinta. Duk ramin da motar ta faɗa, Zuwaira takan ji shi a tsakiyar bayanta kamar an buga guduma, Alhaji kuma yakan ce kun gani, da sabon injin ne da yanzu ya tashi aiki.

Ɗakin Goggo Mas'uda irin na da ne, ƙofarsa sai an sunkuya. Zuwaira ta sunkuya, ta shiga, ta durƙusa. Tana cikin cewa an gode da ɗawainiya, sai ta ji wani abu ya goce a can ciki, ba da ƙara ba, kamar an zare tsinke daga tsintsiya. Zafi ya sauka ƙafafunta biyu, sannan ya ɗauke, ɗaukewar kuma ta fi zafin ban tsoro. Ta ƙarasa godiyar. Da aka zo tashi, ta kasa.

Goggo ta dube ta, ta dubi Inna, ta tambaya wa ya ce a kawo yarinyar nan. Ta ce ita ranar ma ba dubiya ce ta kai ta Birnin Kudu ba, idonta ta je a duba mata, ta ga bai kamata ta wuce ba ta leƙa ba. Kuma ita kujerar ba ta dame ta ba, hasali ma ba ta gan ta ba, idon da ta je nema ke nan. Inna ta ce wannan kara ce irin ta manya, ai ko an yi musu daidai sai sun ce ba a kyauta ba. Mata biyu suka kama Zuwaira suka kai ta mota. Alhaji ya ce gajiya ce.

Kafin su hau kwalta zaninta ya jiƙe, ba ta kuma san lokacin ba. Inna ce ta lura da suka iso gida. Ta rufa mata mayafi, ta raɗa mata cewa wannan ba maganar da ake kai wa maza ba ce, mace da girmanta da surukai, a bar shi a ɗaki, za ta nemo saiwa. Aka bar shi a ɗaki. Saiwa ta zo, aka jiƙa, aka sha. Alhaji yakan leƙo da safe ya tambayi jiki daga bakin ƙofa, a ce masa da sauƙi, ya tafi tasha da wayarsa.

Sai da Zuwaira ta ga ana shanya tabarmarta kullum a bayan ɗaki don kada baƙi su gani, sannan ta ɗauki waya ta kira Hapsatu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce mata kawai ta zo da mota, ta taho da leda mai faɗi ta shimfiɗawa.

Hapsatu ta iso kafin azahar da mijinta. Alhaji ya taso daga tasha ya tsaya a zaure, ya ce shi bai san ranar da aka fara fitar da matar aure daga gidan mijinta ba da izininsa ba. Hapsatu ta durƙusa har ƙasa, ta ce Baba ya yi haƙuri, izinin suka zo nema, amma injin motar a kunne yake. Da ya ga maƙwabta sun fara leƙowa, sai ya shiga gaba ya zauna, ya sauke gilashi, yadda duk wanda ya gani zai san shi ne ya ɗauki iyalinsa zuwa Kano.

Likita ya sake ɗaukar hoto. Wannan bai yi kyan na farko ba, Alhaji bai nemi a ɗaga masa shi a taga ba. Noti ɗaya ya saki, ɗan abin da aka cusa tsakanin ƙasusuwa ya zame baya ya danne jijiyoyi. Likitan ya ce ba zai ɓoye musu ba, irin wannan yakan faru ko an kiyaye, shi ya sa ya ce a dawo da wuri. Da an zo tun ana jin tururuwa, da magana ce daban. Sannan ya tambaya wane irin aiki take yi a gida.

"Wallahi likita ba ta aikin komai," in ji Alhaji. "Sai gaisuwa."

A ranar aka shiga da ita tiyata. Wannan karon ba huji, tsagawa aka yi sosai. Fitsari ya dawo hannunta a hankali, bayan makonni. Ƙafar hagu kuwa daga idon sawu zuwa ƙasa ta ƙi ɗaguwa. Likita ya ce jijiya in ta daɗe a danne ba ta cika yafewa ba. Aka ba ta sanda, da wata roba da ake ɗaurawa a ƙafar don kada yatsu su riƙa jan ƙasa.

Kowa ya samu bayaninsa. A tasha Alhaji ya ce notin farko jabu ne, ƙasar nan ba abin da ba a yi wa algus. Inna ta ce baki ne, mutum ya yi ta nuna ƙashin matarsa ga kowane ɗan kamasho, me ake jira? Alhaji ya ce to ai ita ta matsa da zagaye. Inna ta ce to ai shi ya zaɓi mota. Da suka ga maganar tana neman ta tsaya a cikin gida, sai suka haɗu a kan ƙaddara, wadda ba ta da bakin musu.

Ranar da aka dawo da Zuwaira, Inna ta sake jan ta ɗaki ta ce a nuna mata. Ga ɗinki nan zururu, ya fi taƙi, da sawun zare hagu da dama. Inna ta daɗe tana kallo, ta gyaɗa kai.

"To, yanzu aka yi aiki," in ji ta.

Da hannunta ta fito da kujerar roba daga inda ta ɓoye ta, ta goge, ta ɗora matashi. Ta hana kowa barin Zuwaira ta ɗauki ko cokali. Duk baƙuwar da ta zo sai Inna ta kwatanta mata tsawon ɗinkin da hannu, kuma kullum yana ƙaruwa. 'Yan dubiya suka ninka na farko, don labarin ya fi daɗi.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci tsakar gida ta cika da mata, Alhaji ya shigo amsa gaisuwa. Inna ta raka wasu baƙi ta dawo, ta zauna, ta ce wa Zuwaira a gaban kowa, cikin kulawa, in Allah Ya kawo sauƙi wannan karon da mutanen Fagam za a fara, don sun aiko da ƙorafi cewa wancan zagayen an tsallake su.

Zuwaira ta gyara sandarta. Ta juya wajen maigidanta ta tambaye shi yaya bas ɗin nan da aka yi wa garambawul.

Fuskar Alhaji ta washe. Ya ce lafiya lau, in ka ji injin sai ka rantse daga kamfani ya fito. Sirrin kuwa ɗaya ne, Ɗanladi ya ce a lallaɓa ta, aka lallaɓa ta, ko buhu ɗaya bai bari an ɗora mata ba sai da ta zauna.

"Allah Ya ƙara mata lafiya," in ji Zuwaira. "To Alhaji, kafin a tafi Fagam ɗin, a biya da ni garejin Ɗanladi ya duba ni. In ya so duk dokar da ya kafa sai a bi."

Matan suka fashe da dariya, Inna ma ta murmusa ta ce ja'ira, ciwo bai hana ta barkwanci ba. Alhaji ya fi kowa dariya, har da buga ƙafa. Da la'asar ya kai labarin tasha, ya ba da shi sau da dama, a matsayin shaidar cewa Hajiya ta warware, bakinta ma ya dawo.

Ita kuwa tana nan kan kujerar inda ya bar ta. Baƙin ƙarshe suka yi sallama, ta ce ta gode, ta ƙara da cewa su riƙe wannan godiyar da kyau, don ita kaɗai za su samu. Suka sake yin dariya. Takalminta na hagu yana gefe a kife, tun ɗazu ya zame, mutane suna ta tsallake shi suna fita.